Mai Goyon Mahdi

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ni kaɗai na ci abincin tara. Ranata ce ta kawo abinci, na tashi tun asuba na dafa ɗanwaken da zai ishe mu mu duka, kuma da shi na dawo gida. Da aka kaɗa ƙararrawa na shiga ofishin malamai na tarar ba kowa sai kujeru. Ashe sun kwashi tabarma sun koma bayan aji shida. Ina jin dariyarsu ta taga. To, a ci lafiya. Na zuba wa kajin maƙwabta rabi, sun kuwa gode.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake rubutawa. Maigidana, Direba, yana hanyar Legas da shanu, in na kira shi ma ƙarar tirela kawai zan ji.

Ni dai tambayata aka yi. Jiya mai duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi, ya shigo ajina, aji huɗu, muna tsakiyar lissafi. Ya ga jaka a bencin ƙarshe ba mai ita. Ya ce, "Malama Suwaiba, mai jakar nan fa?" Da na ce ta zaga bayi, da shi ke nan. Hedimasta yana bakin ƙofa yana ta yi min ido, na gan shi sarai. Sai na ji bakina ya ce, "Meram ce, ranka ya daɗe. Ga ta can gindin darbejiya, tana goye da ɗan Malama Hadizatu." Ya ce yau kaɗai? Na ce tun da uwar ta dawo daga hutun haihuwa. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo, ya rubuta abin da ya rubuta.

Ƙarya na yi? Yarinya ita ce babba a ajin, ta kusa kai ni tsawo, har yau ba ta iya karanta layi guda. Kullum ana gama layin safe sai a aiko monita, Malama Hadizatu na kiran Meram. Ba ta dawowa sai an tashi. So nake ta zauna a aji ta yi karatu kamar kowa, iyakar abin da nake so ke nan.

Abin da Hadizatu ta faɗa min a gaban kowa bayan baƙon ya tafi, ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 8 ga Mayu, azahar

Na gaida malamai ɗaya bayan ɗaya. Malam Hussain na Arabiyya kaɗai ya amsa da cikakken baki.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan an tashi

Hedimasta, Malam Idrisu, ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya tambayi maigida, ya tambayi zafi, har da tura min ruwan leda. Ni kuwa na san ba don ruwa aka kira ni ba.

Ya ce, "Malama, bana shekararki ta nawa a aikin nan?"

Na ce ta biyu.

Ya ce, "To ni tun ina ɗan aji ɗaya nake ganin 'yan mata da goyon 'ya'yan malamai. Maiɗakina ma ta yi goyon ɗan malamarsu, ga ta nan yau nas ce. Malama mai shayarwa, in ba a riƙe mata yaro ba, wa zai riƙe mata aji? Yarinya ɗaya ta fita, aji guda ya samu darasi. Ina laifin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, to me ya sa kullum ita ce ɗayar? Me ya hana a kira Muhsina, 'yar Alhaji mai tireloli, da ke bencin gaba?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce ke ma kin san amsa. Ya ce sai mu jira abin da ofis za su ce, amma daga yau ba mai sake kiran Meram. "Ga ta nan, ki koya mata mu gani."

Na fito ina jin kaina kamar wata jaruma. Kai, Suwaiba.

Yau ta zauna daga safe har tashi. Ba ta da biro, na ba ta nawa. Ta riƙe shi, ba ta rubuta komai ba. Ta ɗora jakarta a cinya tana jijjiga ta a hankali, ita ba ta ma san tana yi ba.

Asabar, 11 ga Mayu, yamma

Kwaleji yau. Karatun ƙarshen makon nan da na ɗauro wa kaina don kar in zauna ina kallon bango.

Kamar da gangan, malamin ilimin zamantakewa ya kawo zancen ɓoyayyar manhaja. Ya ce ita ce darasin da yaro ke koya a makaranta ba tare da kowa ya rubuta shi a allo ba, ba ya fitowa a jarrabawa, amma shi ne ba a mantawa. Ya ce makaranta tana nuna wa kowane yaro matsayinsa tun bai san yana da matsayi ba. Ya ce a ba shi misali. Wani ya ce ƙararrawa na koya wa yara kiyaye lokaci, aka tafa masa. Ni da bakina ke cike fal, ko tari ban yi ba. Na gaji da ba da amsa a makon nan.

A keke napep ina dawowa na yi ta tunani. A makarantarmu ba wanda ya taɓa cewa shara ta mata ce, amma ban taɓa ganin namiji da tsintsiya ba sai in horo aka ba shi. In za a aiki yaro sayen awara, ido yana tsallake masu takalmi sawu-ciki ya sauka kan mai silifa. Yaro ya yi suɓutar baki ya yi Ngizimanci ko Bolanci a filin wasa, ba doka ce za ta kama shi ba, dariyar 'yan uwansa ce, kuma gobe ba zai sake ba. Wa ya koya musu dariyar? Ni ma da nake wannan surutun, in an ɗaga hannu sunayen 'yan gaba ne ke zuwa min baki.

Su kuma sauran yaran ajina, me suka koya a watannin nan da suke hangen Meram ta taga? Sun koyi cewa akwai wadda aka kawo don ta yi karatu, akwai wadda aka kawo don ta riƙe wa masu karatu yaro. Ba ni na koya musu ba, amma a ajina suka koya.

Mai keke ya wuce da ni har kusan unguwar Bolewa ban ankara ba, sai da na dawo unguwarmu Hausari a ƙafa.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan magariba

Direba ya kira. Sun sauke, suna jiran lodin dawowa. Ya ce lafiya dai muryarki haka? Na ce zafi ne. Matan mutane suna ce wa mazansu Baban wane, ni har yau Direba nake cewa, shi kuma yana amsawa da dariya. Gidan nan in ba rediyo ba, sai ƙarar fanka in an kawo wuta.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan azahar

Aji uku, ajin Hadizatu, bango ɗaya ne tsakaninmu. Yau da kanta ta goya ɗanta Mahdi tana koyarwa. Tun kafin tara ya fara kuka, kukan da ke shiga har cikin kai. Ina rubutu a allo ina jin ta tana ɗaga murya ta rufe tasa.

Meram ta miƙe. "Malama, zan sha ruwa."

Na ce zauna, yanzu za a tashi.

Ta zauna. Can ta sake miƙewa, idonta ya kawo ruwa. "Malama, ni yake nema."

Ajin ya kwashe da dariya. Wani ɗan banza daga tsakiya ya ce "Maman Mahdi!" sauran suka ɗauka kamar waƙa. Na buga tebur da dasta har alli ya tashi. Na ce wanda ya sake, ni da shi ne. Suka yi tsit. Ita kuma ta kifa kai a benci, ba ta ɗago ba har aka tashi.

Da a lokacin tara ni nake karɓarsa daga bayanta, in ɗora shi a kafaɗa ina cin abinci da hannu ɗaya. Hular nan mai kunnuwa da yake sawa ni na sayo masa. Ba wai ina kewarsa ba ne. Ɗan mutane.

Laraba, 15 ga Mayu, la'asar

Ban taɓa tambayar kaina me Meram ke ci da tara ba. Ashe ragowar farantinmu ce, da abin da Mahdi ya bari na kunu. Yau na gan ta a jikin bangon aji, ita kaɗai, tana tsinkar zaren hijabinta. Na kira ta na miƙa mata kulata. Ta ce, "Na ƙoshi, Malama." Leɓenta duk ya bushe.

Muhsina, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta ce min wai ana cewa Meram ce ta kawo min ƙarar Malama Hadizatu, shi ya sa ba mai wasa da ita. Inna lillahi. Yarinyar da ko kallon idona ba ta iya yi.

Na haɗiye girman kaina na je ƙofar aji uku. Na ce, "Hadizatu, ki yi fushi da ni yadda kike so, amma wallahi yarinyar nan ba ta taɓa ce min komai ba."

Ba ta juyo ba, tana gyara ɗaurin goyo. Ta ce, "Ai kin samu 'ya yanzu, sai ki riƙe. Allah ya sa albarka."

Wannan na rubuta. Waccan ta ranar Litinin ta fi ta, amma duk hanyarsu ɗaya.

Juma'a, 17 ga Mayu, hantsi

Meram ba ta zo ba.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan an tashi

Ta zo a makare. Na tarar da ita a bakin get, a durƙushe cikin masu latti, hannu a sama, wani ɗan aji shida yana zagaya su da tsumagiya yana jin shi wani ne. Da can ko ƙarfe nawa ta zo ba mai taɓa ta, kowa ya san ta Malama Hadizatu ce. Na ce a sake ta. Yaron ya ce, "Malama, doka ce." Na ce na ji, sake ta. Ya sake ta yana tura baki.

Na ce mata daga gobe in an tashi ta tsaya, mu yi ɗan karatu ni da ita. Ta ce to. Komai aka ce mata to take cewa.

Yau ma ni kaɗai. Na daina dafa mai yawa.

Laraba, 22 ga Mayu, la'asar

Alhamdu lillahi. Yau ta karanta. Na rubuta mata "Baba ya tafi gona", ta bi shi da yatsa, ba, ba, ya, ta, fi, ta tsaya, ta koma farko, sai ga shi ya fito mata gaba ɗaya. Ta rufe baki da hijabi tana dariya. Ashe tana da wushirya. Wata da watanni tana ajina ban sani ba.

Na ce kin gani? Kanki ƙalau yake, zama ne ba ki samu ba.

Tana haɗa jaka sai ta ce, "Malama, in na iya karatu duka, za a mayar min da shi?"

Na ce je ki gida, rana ta yi.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan azahar

Amsar ofis ta zo. Hedimasta ya tara mu ya karanta. Daga Litinin ba malamar da za ta sake shigo da jariri harabar makaranta, ba kuma a fitar da ɗalibi daga aji don hidimar malami. Masu shayarwa uku ne a cikinmu. Ba wadda ta kalle ni, amma na ji kallon a ƙeyata.

Na ɗaga hannu. Na ce ga ɗakin ajiya nan ba kowa sai karyayyun bencina, me zai hana a share shi, a samu wata dattijuwa ta riƙa zama da yaran, uwa ta leƙa da tara ta ba da nono? Malam Idrisu ya ɗaga takardar ya ce, "Harabar makaranta aka ce, Malama. Ɗakin ajiya a Damaturu yake?" Wani ya yi dariya.

A hanyar fita Malam Hussain ya jera da ni, yana tura kekensa. Ya ce, "'Yata, gaskiya kika faɗa, ban ce ba gaskiya ba ce. Amma su mutanen ofis hanawa suka iya. Ba su faɗi inda za a ajiye yaran ba." Na ce ai ba haka na nufa ba, Malam. Ya ce ya sani. Ya hau kekensa.

Ba haka na nufa ba. Ba haka na nufa ba wallahi.

Asabar, 25 ga Mayu, yamma

Na fasa zuwa kwaleji na je gidan su Meram, can ƙarshen unguwar Dogo Tebo inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Wurin kakarta take. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, Meram ta tafi ɗebo ruwa. Ta shimfiɗa min buhu, ta kawo ruwa a moɗa. Hausarta irin ta tsofaffin Ngizim ce, mace ma "kai" take ce mata.

Ta ce, "Kai ne malamin Meram? To Malama, laifin me yarinya ya yi aka ƙwace yaro a bayansa? Ya yar da shi ne? Ya ci abincinsa ne? In ya yi laifi a duke shi, amma kar a kunyata mu."

Na ce, "Iya, ba ta yi laifin komai ba. So ake ta zauna a aji."

Ta dube ni kamar na yi mata Turanci. Sai ta ba ni labarin da ban sani ba. Uban yarinyar yana ƙauye, bai taɓa niyyar sa ta a boko ba. Hadizatu ce ta gan ta tana tallar gyaɗa, tun tana da cikin Mahdi, ta ce a ba ta ita ta sa ta a makaranta. Ita ta ɗinka mata yunifom, ita ta kai ta gaban hedimasta. Uban ya yarda ne don an ce masa a hannun Malama take. Tsohuwar ta ce cikin yaran makaranta duka aka zaɓi tasu aka ba ta amanar ɗa, har maƙwabta sun zo sun yi mata barka.

Ta ce, "Yanzu damina ya zo. In ubansa ya ji Malama ya sake shi, zai ce a kawo shi gona. Ni me zan ce?"

Na yi ta bayani, aji, jarrabawa, gobe ta zama nas ko malama. Tana ta gyaɗa kai tana ɓara. Da zan tafi ta ƙulla min gyaɗa a leda, ta ce in taimaka in ba Malama Hadizatu haƙuri.

Ban taɓa sanin Hadizatu ce ta kawo ta makaranta ba. Na zo na kwanta, ko abinci ban ɗora ba.

Litinin, 27 ga Mayu, azahar

Ranar yara. An kwashi masu farar safa an tafi fareti, sauran an ce su koma gida. Ban ga Meram ba, amma yau ba a ƙirga ta.

Gindin darbejiya wayam.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan isha'i

Direba ya zo ya tafi. Yau kasuwar shanu, kuma Sallah ta matso, raguna za su kai kudu. Tsakanin azahar da magariba na gan shi. Na yi masa burabisko da miyar kuka, ya ci kamar wanda aka biyo.

Na gaya masa duka, har da maganar Hadizatu ta ranar Litinin, wadda ban gaya wa kowa ba. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Ita ta ce miki haka?" Na ce e. Ya ce Allah ne mai bayarwa, ba ita ba. Sannan ya ce, "Amma ke ma da kin ce bayi ta je." Da ya ga fuskata sai ya sauya. Ya ce, "To ki ɗauko yarinyar mana. Ga ɗaki nan ba kowa. Ta zauna da ke, ta ɗan taya ki aiki, ku tafi makaranta tare. Ni ma hankalina ya kwanta in ina hanya."

Ta taya ni aiki. Shi ma da zuciya ɗaya ya faɗa.

Amma maganar ta zauna min. Uban zai yarda, tunda a hannun wata malamar take. Sai dai ina ganin ranar da zan shigo get da ita a bayana, su kuma suna zaune a tabarma. "Ai kin samu 'ya." Na ce masa zan yi tunani.

Jiya da yau ba ta zo ba.

Juma'a, 31 ga Mayu, la'asar

An yi ruwan farko. Yara suka fita da gudu, na ƙyale su. Na tsaya a baranda ni kaɗai ina jin ƙamshin ƙasa. Bencinta ya jiƙe ta inda kwano ke yoyo, na ja shi gefe.

Har yanzu ina tunanin.

Lahadi, 2 ga Yuni, hantsi

Na share ɗakin. Na fitar da tsofaffin tayoyin Direba, na shimfiɗa katifar baƙi, na rataya labule. Su faɗi abin da za su faɗa, bakinsu ne. Gobe in ta zo zan gaya mata, in ba ta zo ba in koma wurin tsohuwar.

Na shiga ɗakin na fita ban san sau nawa ba.

Talata, 4 ga Yuni, bayan an tashi

Jiya na je Dogo Tebo na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciya ta ce tsohuwa ta tafi ƙauye shuka. Na ce da yarinyar? Ta ce ba ta lura ba. Na juyo gida.

Yau Muhsina ta ce, "Malama, ai Meram ba ƙauye ta tafi ba. Tana gidan Malama Hadizatu a Bolewa. Na gan ta ta motar babanmu tana shanya." Ajin duk sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Hadizatu kuwa tun makon jiya take zuwa a kan lokaci, bayanta ba goyo, tana koyarwa lafiya lau. Ban tambayi kaina wa ke riƙe da yaron ba. Ko dai na tambaya na ƙi jiran amsa.

Laraba, 5 ga Yuni, azahar

Da aka tashi tara na ce wa hedimasta kaina na ciwo. Na hau keke zuwa Bolewa, don na san uwar gidan tana aji uku.

Na yi sallama, Meram ce ta amsa. Tana tsakar gida da atamfar Hadizatu da aka rage mata, Mahdi a bayanta yana barci, tana wanke kwanuka a tsugune. Ta yi ƙiba kaɗan. Da ta gan ni ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, amma sai ta ɗan juya jikinta, yaron ya koma ta ɓangaren bango.

Na ce, "Meram, makaranta fa?"

Ta ce, "Malama ta ce in Mahdi ya yi wayo zan koma."

Na tsuguna kusa da ita. Na ce ta saurare ni da kyau. Na ce akwai ɗaki a gidana, na share shi, da katifa da labule. Ta zo ta zauna da ni, mu tafi makaranta tare mu dawo tare, zan je har ƙauye in roƙi babanta. Na ce zuwa ƙarshen shekara za ta karanta littafi guda ita kaɗai.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Akwai yaro a gidanki, Malama?"

Na ce babu.

Ta ce, "To aikin me zan yi?"

Na ce ba aikin komai. Karatu kawai.

Ta dube ni, ta dubi kwanukan. Na ga tana neman ta gane, ta kasa. Ba rashin kunya ba ne, ba ƙi ba ne. A iya saninta ba a ajiye irinta a wuri haka kawai. Kuma ba a ƙauye ta koyo wannan ba, don a ƙauye kowa aiki yake yi, ɗan mai gari ma. A wurinmu ta ga ana zaunar da wasu ana tayar da wasu.

Mahdi ya motsa, ta miƙe tana jijjiga shi. Na miƙa hannu in shafa kansa, ta ja baya taku ɗaya. Sai ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Malama, don Allah don Annabi kar ki gaya wa mutanen ofis ina nan. In suka hana nan ma, ƙauye za a kai ni."

Na ce to.

Ta raka ni har zaure, ta ce in gaida gida.

Alhamis, 6 ga Yuni, hantsi

Malam Idrisu ya tsayar da ni a baranda. Ya ce ofis sun bugo suna tambayar yarinyar nan, ko tana zama a aji yanzu, kuma an ce masa kwana biyu ba a ganinta. Ya ce, "Ko kin san inda take, Malama?"

Ya sani. Na ga ya sani, shi ma ya ga na sani.

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Wataƙila damina ce."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka zai gaya musu. Har ya juya sai ya dawo ya ce, "Sannu a hankali kina koyon aikin, Malama Suwaiba."

Na ce na gode. Wallahi haka na ce masa.